Biga Uku na Masta Dilubiyan

Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da mutumin nan ban taɓa kama sunansa ba. Baban Shefali nake ce masa, ko in yi gyaran murya kawai ya waiwayo. Yau dai zan kama, tunda mutanen Shimulkandi sun yi kamar sun manta: Irfan Ali Pramanik. Na faɗa. Wanda ya ga dama ya ce Fuljan ta tsufa ta zubar da kunya, ya daɗe bai ce ba. Su masu kunyar ai Masta Dilubiyan suke ce masa, har 'ya'yan da aka haifa jiya, kuma ba mai faɗa bai murmusa ba.

Malamin firamare ne lokacin da aka kawo ni gidansa. Siriri, ga dogon wuya, ga tabarau da ya ɗaure ƙafarsa da zare. Abin da ya mallaka a duniya uku ne: gona biga uku, wato wajen eka guda, da ya gada a wurin ubansa, farar riga guda ɗaya ta fita, da ƙamus na Turanci zuwa Bangla, harshenmu, mai jan bango, wanda aka ba shi kyauta ranar da ya ci jarrabawa. Ƙamus ɗin nan ya kai bulo biyu kauri. Mutane suna cin shinkafa da kifi, mijina yana cin shinkafa da ƙamus. Zan zuba masa abinci, ya buɗe littafi a gefen kwano, ya tsinto wata kalma da ko Baturen da ya ƙirƙire ta ya manta da ita, ya ce, "Uwar Shefali, kin san me ake nufi da wannan?" In ce, "Na san abincinka ya huce." Ko a jikinsa. Sai ya karanta mini ma'anar, ya sa ta a jimla, sannan ya kai loma.

Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wallahi da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

A gabashin gonar nan, gindin wani kurmin gora, aka binne ubansa. Nan kuma muka binne Mintu, ɗanmu na fari, yana da shekara biyu. Saboda haka in na ce biga uku, ba shinkafa da rama kaɗai nake nufi ba.

Shekarar babbar ambaliya, bayan ruwa ya fara janyewa kowa ya ce an tsira, sai kogin Jamuna ya soma cin gaɓa. Ba hayaniya. Ka ji tim, ka waiwaya, mangwaron da ka jingina da shi da safe babu shi. Cikin kwana tara ya cinye makaranta, ya cinye masallaci da kasuwa, ya cinye gida sittin. Ranar da ya iso namu, ni da 'yarmu Shefali muna kwance kwanon rufi, muna jan akuya, muna kwasar tukwane, na ɗaga kai na hango mijina cikin ruwa iya ƙirji, ya ɗora ƙamus a ka ya dafe da hannu biyu. Babbar tukunyata tana wucewa ta gabansa yana kallonta. Har yau ban yafe tukunyar nan ba.

Muka hau ganuwar da gwamnati ta yi don tare ruwa, mu gida sittin, kowa ya jingina kwanonsa ya kira shi ɗaki. Mata suna kuka, maza sun yi jugum suna tauna ganyen pan, goronmu na nan. A rana ta uku mijina ya sa farar rigarsa, ya ɗauki ƙamus, ya tsaya a tsakiyar mutane kamar yana gaban allo.

Ya ce, "'Yan'uwa, abin da ya same mu ba ambaliya ba ce."

Joynal, maƙwabcinmu tun a tsohon gari, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin baki, ya ce, "To mene ne, Masta? Biki ne?"

"Ambaliya baƙuwa ce. Ta zo ta kwana ta tafi, ta bar maka gonarka har da taki. Wannan kuwa ƙasar kanta kogi ya ci ya tafi da ita. A Turancin masu shari'a sunansa diluvion."

"Dilu me?"

"Diluvion."

"Dilubiyan! Ku ji fa, jama'a. Gidana ya tafi, saniyata ta tafi, an ba ni Dilubiyan in dafa wa yara."

Aka kwashe da dariya, dariyar farko tun da muka hau ganuwa. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ko kunya, sai ma ya gyara tabarau ya ce, "A'a, Joynal, ba a faɗar ta a kan gida, ba a faɗar ta a kan saniya. Ƙasa kaɗai. Ana rubuta cewa gona lamba kaza, ta wane ɗan wane, ta salwanta ta hanyar diluvion a wata kaza. In aka rubuta haka aka kai ofishin ƙasa suka buga hatimi, gonar taka ce ko tana ƙarƙashin ruwa gaba ashirin. Ranar da kogi ya amayo ta, in bai wuce shekara talatin ba, kai za a nema."

Wani tsoho ya ce, "Ai muna da sunan abin a bakinmu, sikasti. Me ya kai mu aron na Bature?"

"Kawu, bakinka ba ya zuwa gaban babban alƙali. Takarda ke zuwa. Zan rubuta da Bangla, in rubuta da Turanci, duk inda aka kai ta ta yi magana."

Joynal ya ɗaga gorarsa ya girgiza. "Kakana da wannan ya kama gona a sabon tsibiri, ubana da wannan. Ranar da yashi ya fito, wanda ya riga shuka, ya riga kafa bukka, kuma gorarsa ta fi tsawo, shi ke da ƙasa. Ka riƙe Dilubiyan ɗinka, Masta Dilubiyan."

Daga ranar sunan ya bi shi.

Mata ma ba su so ba. Suka ce rubuta wa gona takardar salwanta kamar yi wa mai rai likkafani ne, in ka rubuta ta tafi to ta tafi ke nan. Mutumin nan bai gaji ba. Ya bi ɗaki ɗaki wata huɗu, ana ba shi shayi a wani wuri, ana sakar masa kare a wani. Cikin gida sittin ya samu ashirin da biyu suka yarda, yawanci don ya ƙyale su su huta. Joynal ma ya dangwala yatsa, wai don kada a ce ya watsa wa malamin 'ya'yansa ƙasa a ido. Da namu ashirin da uku. Shi ya rubuta duka, shi ya tasa su gaba har ofis, shi ya tsaya a layi kwana da kwanaki har aka buga wa kowa hatimi aka ba shi tasa takardar. Ko ƙwai ɗaya bai karɓa a hannun kowa ba, alhali ina dafa ganyen rafi da gishiri a gida.

Da ya dawo ranar ƙarshe, ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya ɗauki tsinke ya rubuta kalmar a ƙasa. Ya ce, "Zo ki gani. Wannan mai tulun ciki da doguwar sanda shi ne na farko. Ga gajere mai ɗigo a ka, ga dogo tilo, ga mai kama da ƙoƙo. Ki riƙe kamanninta, gonarki ce." Na ce masa shinkafa ta ƙare. Amma ya yi ta rubutawa kullum har idona ya haddace ta ba da sona ba. Ni da ban iya karanta sunana ba, na iya gane kalma ɗaya ta Turanci a duniya.

Ban tambaye shi inda ya ajiye takardarmu ba. Me zan tambaya? Kowa a ganuwa cikin akwatin ƙarfe yake sa takarda, a naɗe a leda, tare da ta aure. Na ɗauka tamu ma tana can.

Makaranta ta tafi da aikinsa, don ba ta gwamnati ba ce. Wani tsohon ɗalibinsa ya ba shi tsohuwar tafireta, ya kafa tebur a gindin cediyar da ke ƙofar ofishin ƙasa, cikin masu buga wa mutane takardu. Su tara ne a wurin, takwas suna cin nama ran Juma'a. Nawa mijin ba zai bar mutum ya dangwala yatsa ba sai ya karanta masa takardar daga sama har ƙasa, ya fassara kowace kalma, in ta yi tsauri ya buɗe ƙamus ya nuna masa. Mutum ya baro gona da sassafe yana sauri, a zaunar da shi aji! Wani ya ce masa, "Masta, takarda na zo saya, ba jarrabawa ba." Ya ce, "Wanda ya sa yatsa a kan kalmar da bai sani ba, ya sa wuyansa ne." Sai mutumin ya koma tebur na gaba. Sauran masu tafireta suna yi masa godiya, shi ke turo musu ciniki.

A shekara ta takwas da hawanmu ganuwa zazzaɓin hanji ya kayar da shi. Wata biyu yana kwance, ya koma ƙashi da fata, yana sambatu da Turanci. Shefali ta yi aure a nesa, ni kaɗai ce. Na sayar da akuya, na sayar da 'yan kunnena, na sayar da kwano biyu na rufi har ruwa yana zuba a kan ƙafarsa. Tafireta ba ta sayuwa, ita ce abincinmu in ya tashi. Wata safiya likita ya ce a sake sayen allura, tukunya kuma kwana biyu ba ta hau wuta ba. Na ɗaga kai na ga jan littafin nan a kan katako, a lulluɓe da ƙyalle, ya fi ni samun kulawa. Raina ya ɓaci. Na sunkuce shi na nufi mashigar jiragen ruwa.

Gedu ke sayar da muri a wurin, wato gasasshiyar shinkafa mai ƙaras-ƙaras, yana kaɗa shi da mai da barkono da albasa, ya zuba wa mutane a ƙunshin takarda. Duk tsohon littafin da ke garin a hannunsa yake ƙarewa. Ya ɗora a sikeli ya ce, "Matar Masta, ya sani kuwa?"

Na ce, "Kai auna, ba shari'a na kawo maka ba."

"Takardar tana da kyau, siririya, ba ta shan mai." A gabana ya ɓalle bangon ya jefar, ya yage shafin farko ya murɗa ya zuba wa wani matuƙin jirgi muri. Na sayi allura da shinkafa na koma gida, kuma in faɗi gaskiya har wani sanyi na ji a raina.

Kwana goma bayan nan ya fara zama. Ya dubi katako, ya dube ni. Ban bari ya tambaya ba, na ce, "Na sayar. Gedu ya saya. Yana cikinka, ka sha shi allura ka ci shi shinkafa. In da magana ka yi."

Na shirya faɗa, na ɗaura zani. Ya dafa bango ya miƙe, ƙafafunsa suna rawa, ya sa farar riga ya fita. Sai la'asar ya dawo, gwiwoyinsa duk laka, hannayensa suna warin barkono da ruɓaɓɓiyar albasa. Ya wanke hannu, ya ci abinci, ya ce miya ta yi daɗi. Na ce a raina, ji tsohon banza, ya je makokin littafi a juji.

Daga nan ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Duk Lahadin farkon wata, da yake a ƙasarmu Lahadi ranar aiki ce, zai rufe tafireta, ya shiga cikin ofishin ya zauna a benci tun safe har a tashi. Ranar ba ko sisi. Na yi masifa har muryata ta dushe. "Me kake yi a ciki? Sun ba ka kujera ne? Ko fankarsu kake zuwa sha?" Ya ce, "Akwai abin da nake nema." Na ce, "Nemi shinkafa." Shekara goma sha ɗaya muna wannan.

A shekara ta goma sha tara kogi ya juya. Masunta suka fara cewa sandarsu tana taɓa ƙasa a inda Shimulkandi take. Da rani yashi ya fito fari fat, da damina ya yi laka, ciyawa ta tsiro. Ranar da na fara hango shi daga ganuwa na zauna na yi kuka, na ce Mintu ya dawo.

Ba mu kaɗai muka hango ba. Hashmot, wanda ake ce wa Matbar, wato mai faɗa a ji, mai jirage goma sha biyu da injin casar shinkafa, wanda ko kakansa bai taɓa shan ruwa a Shimulkandi ba, ya tura mutum tamanin da gorori. Kafin mu farga sun kafa bukkoki sun watsa gyaɗa. Joynal ya tara maza suka shiga jirgi da nasu gororin, yana ihu yana cewa yau za a ga jikan wane. Kafin azahar aka dawo da shi a kwance, kai a fashe, haƙora biyu sun zauna a tsibiri. Gorar kakansa ma can aka bar ta.

Washegari ina tsintar shinkafa sai ga shi da rawanin bandeji, ya tsuguna a ƙofarmu. Ba Masta Dilubiyan yau. "Yaya Masta, takardar nan da ka sa muka dangwala, tana da sauran amfani?"

Na ce, "Au, ba ka dafa wa yara ba?"

Mijina ya ce, "Uwar Shefali, kawo masa shayi." Shayi! Na kawo, amma ban sa sukari ba.

Aka buɗe akwatuna, takardu suka fito, wasu sun yi rawaya, wasu gara ta ɗanɗana gefensu, amma hatimi yana nan. Shekara biyu ana shari'a. Hashmot ya kawo lauya daga Dhaka mai baƙar kwat, ya ce mutanen nan ambaliya ta kore su suka watsar da ƙasarsu da kansu, ta zama ta gwamnati, gwamnati kuma ta ba wanda zai noma. Namu lauyan yaro ne, ya dubi kalmar da ke takardun ya rasa ta inda zai kama ta. Waɗanda suka je sun ce mijina ya nemi izini ya miƙe, ba ƙamus a hannunsa, ya faɗi ma'anarta da ka, ya bambanta ta da ambaliya, ya bambanta ta da watsar da ƙasa, ya kawo jimla uku. Alƙali ya cire tabarau ya tambayi inda ya yi karatun lauya. Ya ce firamare yake koyarwa kafin kogi ya cinye ta. Aka ba masu takarda gaskiya. Ranar har ɗaga shi aka yi a kafaɗa daga mashigar jirage zuwa ganuwa, Joynal ne a gaba da wawulonsa.

Ranar awon gonaki na yi wanka na sa koren zanen sarina. Na ɗauki ɗan ayaba da zan dasa, da ƙullin shinkafa, don na rantse a gonata zan dafa abincin rana. Mijina ya ce, "Da kin zauna, rana za ta yi zafi." Na ce ko wuta ake yi sai na je. Muka shiga jirgi muka sauka a tsibirin.

Mai awo ya zo da sarƙarsa da taswira da 'yan sanda biyu. Mijina ke gaba yana nuna masa: nan masallaci yake, nan rijiyar makaranta, daga nan gonar wane ta fara. Yashi ne da gyaɗa kawai, amma yana tafe kamar yana ganin garin. Ana kiran suna ana kafa turke, mace ta faɗi ta rungumi ƙasa. Ina ƙirgawa da yatsu. Ashirin. Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu. Mai awo ya naɗe sarƙa.

Na ce, "Malam mai awo, saura ɗaya. Pramanik, biga uku, gabas da ta Joynal."

Ya duba takardarsa. "Babu Pramanik a nan, Inna. Wancan yankin na gwamnati ne, yana hannun Matbar."

Na juya. "Baban Shefali, fito da takardarmu."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Magana nake yi. Tana akwati? In koma in ɗauko?"

Ya ce, "Tana shafi na ɗari uku da goma sha biyu."

Ban gane ba. Wallahi na tsaya kamar sakarya da ɗan ayaba a hannu.

"A cikin ƙamus na sa ta, daidai kan kalmar. Na ga akwati yana iya nutsewa. Littafin kuwa na san ko me ya faru shi zan fara ɗauka."

Na zauna a kan gyaɗar Hashmot. Na ce, "To ta ofis fa? Ba su da tasu?"

"Ita nake nema duk Lahadin nan. Sun ce ba a ga fayil ɗin ba. Sun ce in kawo tawa su duba lamba."

"Shekara goma sha ɗaya?"

"Da biyun shari'a, sha uku."

Jama'a, har gyara mini lissafi ya yi! Na miƙe na cakumi farar rigar nan a gaban 'yan sanda, a gaban kowa. "Me ya hana ka faɗa mini? Bakinka ciwo yake? Kai da ba ka barin baƙo ya sa yatsa sai ka fassara masa kowace kalma, ni matarka ka kasa faɗa mini kalma ɗaya?"

Ya ce, a hankali kamar kullum, "Don in rayu kika sayar. Na rayu. In na faɗa miki, da wane maƙogwaro za ki ƙara haɗiyar shinkafa?"

Mutane suna jin wannan suna cewa Allah sarki, mutumin kirki. Ni ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Wa ya ba shi izinin yanke mini abin da zan iya haɗiya? Kwana goma kacal tsakanin sayarwa da tashinsa. Da ya buɗe baki ranar, da na bi garin nan kwata kwata, da na kwana a jujin mashigar jirage, da na shaƙe Gedu har ya tuna wanda ya sayar wa. Shi ya fita shi kaɗai da ƙafafu masu rawa, ya tona rabin yini ya haƙura. Ni ba na haƙura, ya sani. Ko ban samu ba, da na san abin da na yi, na ɗauki kayana a kaina. Sai ya bar ni shekara goma sha uku ina zaginsa a kan Lahadi, ina hangen kogi ina cewa gonata tana nan tana jirana.

Na saki rigarsa na juya kan sauran. "Ku ashirin da biyu, kun san gonar nan tamu ce. Joynal, iyakarka da tamu ɗaya, kai ka haƙa kabarin Mintu da hannunka. Ku zo mu koma gaban alƙali ku yi shaida."

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Joynal ya sosa tabon kansa ya ce, "Matar yaya, ba ƙi muka yi ba. Da ƙyar muka samu namu. In aka sake buɗe shari'a, wa ya san abin da lauyan Dhaka zai tono? Kuma jiragen Matbar ne za su riƙa fitar mana da amfani. Ki yi haƙuri, Allah zai saka."

Na ce, "Allah ya saka maka da haƙoran da suka rage."

Mijina ya kama hannuna ya ce mu tafi, jirgi zai tashi. Na fizge. Na taka har inda na ƙiyasta kurmin gora yake, na tona yashi da hannu na dasa ayabar nan a tsakiyar gyaɗar Hashmot. Kafin mu kai bakin ruwa wani ɗan gorarsa ya tuge ta ya jefar.

Damina biyu ya ƙara a duniya. Bai fasa zuwa ofis ran Lahadi ba, sai dai yanzu tare muke zuwa, shi yana zaune a benci, ni ina tsaye a taga ina zazzaga wa akawu masifa. Fayil bai fito ba. A ɗakinmu na kan ganuwa ya rasu, aka binne shi a maƙabartar gari cikin baƙi, nesa da ubansa da ɗansa. Mutanen tsibiri sun zo gaisuwa da kabewa da ƙwaryar gyaɗa. Na karɓi gaisuwar, na mayar musu da kabewarsu.

Yanzu tsibirin ya zama gari, har da makaranta. Ku je mashigar jirage ku ji masu jirgi suna kiran fasinja: "Dilubiyan! Dilubiyan! Saura mutum biyu!" Sunan da suka sa wa wurin ke nan. Ka tambayi yaro ma'anarsa ya ce sunan wani tsoho ne mai taɓin hankali. Mutumin da ba shi da taki ɗaya a can.

Shefali ta yi ta roƙo in koma wurinta, na ƙi. Gedu ya daɗe da mutuwa, ɗansa ke kaɗa muri a wurin. Na san takardar nan ta ruɓe tun kafin jikokina su yi haƙori, ba sai an gaya mini ba, ba mahaukaciya ba ce ni. Amma duk safiya in na je ɗiban ruwa, ƙunshin muri da na gani a ƙasa sai na tsuguna na warware shi, na shafe man da gefen sarina, na duba. Mai tulun ciki da doguwar sanda, gajere mai ɗigo a ka, dogo tilo, mai kama da ƙoƙo. Jiya na warware goma sha huɗu.